Tabarmar Sambo

A gidanmu na Illela ko wurin zama a bakin wuta rabo ne, kuma ni ban samu na kirki ba. Inno, kakarmu ta wajen uba, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar an idar da sallar isha'i, a watannin sanyi bayan an gama girbi. Gefen damanta, inda katanga ke tare iska, na Sambo ne. Ni kuwa ina can ɓangaren da hayaƙi ke bi, ina murza ido. Sambo ɗan ƙanin babana ne, tsakaninmu ba a kai shekara ba, kuma ni ne babba, abin da har yau sai na tuna wa mutane don babu mai tunawa da kansa. Shi Allah ya ba shi faɗin kafaɗa tun yana ƙarami, ni kuwa aka ba ni dogon wuya da yawan tambaya. In Inno ta kankaro ƙanzon tuwo, hannunta ya san hanyar bakin Sambo, bai taɓa ɓata ba.

Inno Bafulatana ce, a ruga ta tashi, can wajen Amarawa. Tana budurwa takan ɗauko ƙwaryar fura da nono ta zauna a bakin ƙofar wata ƙaramar kwalejin horar da malamai da ke bayan garinmu. Mu dai kwaleji kawai muke ce mata, don ba mu da wata. Inno tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace kaka, amma in ta ga mun fara hamma sai ta gyara zama, ta zungure wuta, ta ce, "Ga ta nan, amma wagga ba ta da wutsiya, mutane na cikinta."

Mu kuwa mu ce, "Ta shigo, mun ba ta wuri."

Daga nan mun san labarin kokawar kwaleji ne.

Ta ce a farko kwalejin ba ta da komai. 'Yan azuzuwa ne da rijiya da itacen kuka. Ba ƙwallo, ba fili, ɗalibai kuwa 'ya'yan manoma da makiyaya ne waɗanda ba su cika zaure guda ba. In an yi taron wasanni na makarantu a birni, su nasu zuwa kallo ne da tafi. Sai aka turo musu wani malamin motsa jiki, Malam Dikko, gajere mai ƙaramar murya. Ya duba ya ga abu ɗaya da babu wanda zai ce sai an saya masa, wato yashi. Ya sa ɗalibai suka yi ta jidarsa daga fadama a kwanduna har suka yi fage a gindin kukar nan, ya ce kokawa za su yi, tunda ita kowa ya taso yana yi a ƙauyensu.

Amma ƙarfi kaɗai ba zai kai su ko'ina ba, don manyan makarantu sun fi su ƙarti. Saboda haka ya ɓullo da wata hanya tasa. A farkon shekara yakan haɗa ɗalibai biyu-biyu masu kai ɗaya su kama. Wanda ya yi kaye shi ne zai riƙa shiga fage da sunan kwaleji. Wanda ya faɗi kuwa ya zama tabarmarsa, haka suke kiransa, don ba su da katifar faɗuwa sai jikin ɗan'uwa. Aikin tabarma ba wasa ba ne. Shi zai bi ƙauyuka da kasuwanni har Konni, a ƙetaren iyaka, ya kalli wanda za a kara da shi, ya haddace yadda yake sunkuyawa da inda yake kai hannu, ya dawo ya zama wannan mutumin a gindin kuka, a yi ta maka shi da ƙasa har gwanin ya gane lagonsa. Shi ke ajiye walkin fata da gwanin ke sakawa, shi ke shafa masa man shanu kada ya bushe. Ranar gasa kuma shi kaɗai ke ɗaura masa. Amma ƙafarsa ba ta taka cikin fage.

Da wannan dabara, in ji Inno, kwalejin da ake wa dariya ta fara dawowa da raguna. Suka ka da samarin Gidan Katta a wasan kaka. Suka tsallaka Konni, inda kokawa take kamar abinci, suka dawo da kansu a sama. Duk wannan kuwa a kan mutum biyu aka gina shi, wato Altine, wanda makaɗa ke yi wa kirari, da tabarmarsa, kakanmu. Inno ba ta faɗin sunan mijinta ko bayan ransa, sai dai ta ce "kakanku".

A nan muryarta ke canzawa. In ta zo kan Altine sai ta soki wutar nan da kara har tartsatsi ya tashi.

"Mai ƙaton kai," takan ce. "Walle ba ya hi kakanku ba. Ranar da anka haɗa su, kakanku ya ɗaga shi sama, dut jama'a sun gani. Gwiwa tai ta ɗan taɓa ƙasa, shi ke nan anka ce ya hwaɗi. Gwiwa ɗai!"

Altine ya daɗe da rasuwa a lokacin, kakanmu ma haka, amma Inno ba ta yafe wa gwiwar nan ba. Ni kuma, ina cikin hayaƙi, ina jin kamar ni aka zalunta.

Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne, wato ranar da babbar kwalejin birni ta zo har gida da wani ƙato da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Inno tana bayan darni da ƙwaryarta, daidai inda ake shirya Altine, ba su san tana kallo ba. Ta ce ɗaurin walki iri biyu ne, kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai wanda in an ja shi sai ya ƙara cijewa. Akwai wanda in gumi ya jiƙa fatar, abokin karawa ya sa hannu ya fizga, sai ya zame, mutum ya tsaya yana tare mutuncinsa da hannu biyu a gaban mata da yara, a ɗauke shi kamar buhu. Babu wanda zai ce laifin mai ɗauri ne, sai dai a ce fata ce ta tsufa.

"Altine ya ba shi baya," in ji ta, "shina kallon makaɗa, shina murmushi. Sai nig ga hannun kakanku ya tsaya."

Nan takan jawo wani kara ta karya a hankali. Mun san abin da ya faru, amma ko numfashi ba ma yi.

"Sai yaj ja. Yaj ja har Altine yat tari."

Altine ya shiga ya ka da ƙaton nan da wata taɗiya da kakanmu ya sha faɗuwa kafin su gano ta. Gari ya ruɗe. Aka ɗaga shi sama, kuma a wuyan kakanmu aka zagaya da shi, don wannan ma aikin tabarma ne. Da aka watse, kakanmu ya zo wurin Inno shan fura, ƙirjinsa duk yashin ƙafar Altine, idonsa ja wur. Ta ce ta dama masa, ta miƙa, sannan ta ce masa ta ga lokacin da hannunsa ya tsaya. Ta tambaye shi don me bai sassauta ba, tunda a fuskarsa ana ganin abin yana cinsa.

"Yac ce mini, 'Ina son in gan shi ƙasa, Allah ya sani. Amma da hannuna, ba da igiya ba.' Ni ko nic ce a raina, wanga shi za ni amre." Sai ta kakkaɓe zaninta. "Ta ƙare, wuta ma ta ƙare, kowa ya nemi tabarma tai."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasan da ke biyo baya. Walkin nan yana ɗakinta, a cikin wata tsohuwar tukunya, don bayan Malam Dikko ya bar aiki kokawar kwaleji ta mutu, walki kuwa a hannun mai ɗauri yake zama. Wani dare takan fito da shi ta ce mu kwaikwayi labarin. Kullum Sambo ne Altine. Walkin na jan ƙasa a jikinsa, yana buga ƙirji, ƙannenmu mata suna masa guɗa. Ni ne mai ɗauri, ni ne kuma ƙaton birni da ake kayarwa, ni ne jakin da ake hawa a zagaya tsakar gida.

Ran nan na ƙi. Na ce, "Inno, yau ni na Altine. Ai ni ab babba."

"To, babba," ta ce, "ga yashi nan. Ku kama."

Muka kama. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga taurari a samana da fuskar Sambo yana dariya. Bai ma yi nishi ba. Na tashi na koma bayan rumbu ina kuka, ina roƙon Allah ya sa kunama ta harbe shi a ƙafar da yake taɗiya da ita.

Can Inno ta same ni, da walkin a hannunta. Ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta zauna ta kama hannuwana ta jujjuya a hasken da ke zuwa daga wuta, ta ce na kakanmu ne sak, har karkacewar ɗan yatsa. Sannan ta ɗaura walkin a jikin turmi ta nuna mini ɗaurin da ke cijewa. Na yi ta maimaitawa har na iya. Sai ta kwance, ta nuna mini ɗayan, mai zamewa.

Na ce, "Inno, wanga kuma na mi ne?"

"Kakanka dut biyun ya iya," ta ce. "Wanda bai iya kwancewa ba, in ya ɗamre ba a ce ya yi wani abu ba. Kak ka gaya ma kowa."

Ban fahimce ta ba. Abin da na ji kawai shi ne, yau ina da wani abu da Sambo ba shi da shi, kuma na kwana ina jin daɗinsa.

Shekaru suka tafi, mu biyu muka shiga kwalejin nan. An ƙara mata azuzuwa, amma har lokacin ƙarama ce, fagen gindin kuka kuwa ya zama wurin ajiye babura. Sambo ne ya fara zancen a tayar da kokawa, ni na bi malamai da naci har wani matashin malami ya yarda ya tsaya mana. Muka kori babura, muka jido yashi. Da aka zo tsara yadda za a yi, ni da bakina na kawo dokar Malam Dikko, don ina da yaƙinin wannan karon labari zai juya. Na yi wata da watanni ina ɗaga buhunan gero a ɓoye. Aka haɗa mu da Sambo, na riƙe shi har jama'a suka fara kiran sunana, Lawali, Lawali, abin da ban taɓa ji ba. Sai ya sunkuya. Ni ko gwiwar da zan riƙa kafa hujja da ita ban samu ba, da bayana na sauka.

Na zama tabarmar Sambo. Na hau kabu-kabu na bi ƙauyuka, na tsallaka Konni na tsugunna cikin 'yan kallo ina haddace mutane. Na dawo na zama su, Sambo ya yi ta nana ni da ƙasa. Muka fara ci. Muka dawo da rago daga wasan kaka, muka ka da makarantun da ke kusa da mu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan canji a bakin iyaka suka riƙa tsayar da Sambo suna gaisawa da shi da hannu biyu. Ni sukan ce, "A'a, ɗan'uwan Sambo, ƙaƙa gida?" Ina amsawa da fara'ar dole. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da ko sautin tafiyarsa ba na son ji. Abin haushin kuma shi ne bai taɓa yi mini wulaƙanci ba, balle in samu abin riƙewa. In an ba shi nama sai ya raba biyu, ya ba ni babban.

Sai ga gasar kwalejoji a birni, wadda kwalejinmu ba ta taɓa kai wa ƙarshenta ba ko a zamanin su Altine. Sambo ya yi ta kaye har ya rage shi da mutum guda. Inno ta tsufa ƙwarai lokacin, idonta ya tafi, amma da za mu tafi ta sa aka fito da walkin daga tukunya ta damƙa mini.

Aka kai mu bayan rumfa mu shirya. Ganguna na tashi, mai lasifika na kiran sunan Sambo yana ja. Wanda za su kara da shi na san shi sarai, don na yi mako ina zama shi. Mai fizgar ƙugu ne, hannunsa na farko a walki yake sauka. Sambo ya juya mini baya, ya ɗaga hannuwa sama, ya ce, "Ɗamre, Lawali." Ko waiwayowa bai yi ba.

Na zagaya igiyar fatar a ƙugunsa, sai hannuna ya tsaya. Tun ina yaro na ɗauka wurin nan na labarin Inno ƙarin gishiri ne don ta ja mana rai. Ashe haka yake. Bambancin ɗaurin biyu bai wuce ka bi da bakin igiya ta sama ko ta ƙasa ba. Na hango shi a tsakiyar fage yana tare jikinsa, na hango 'yan canjin nan suna kawar da kai in ya zo wucewa, kuma wallahi hangen ya yi mini daɗi. Daɗin nan ne ya ba ni tsoro. Na tuna kakan da ban taɓa gani ba, da jan idonsa a gaban ƙwaryar fura. In Sambo ya faɗi a haka, ni ban ka da shi ba, kuma har abada ba zan sake samun damar kayar da shi ba, don wanda ya faɗi ta igiyata ba shi ne Sambon da nake so in gani a ƙasa ba.

Na bi ta ƙasa, ɗaurin da ke cijewa, na naɗe igiyar a tafin hannuna, na sa gwiwa a bayansa na ja da duk haushin da na tara tun bakin wutar Inno.

"Kai!" ya ce. "Kashe ni za ka yi?"

Da aka shiga fage, abokin karawar ya kai hannu ƙugu kamar yadda na faɗa, ya fizga, walki ya ƙi motsi, Sambo ya bi ta ƙarƙashinsa. Kofin da ke cikin zauren taron kwalejinmu yau, na ranar ne. A bango, sama da kofin, akwai hoton Sambo an ɗaga shi sama. In ka duba ƙasan hoton da kyau za ka ga saman kan wani mutum tsakanin cinyoyinsa. Wannan kan nawa ne.

Da muka dawo gida ya cika, kowa na son taɓa Sambo. Inno tana ƙofar ɗakinta, ta sa masa albarka, sannan ta ce, "Ina Lawali?" Na durƙusa. Ta lalubo hannuna na dama, ta bi tafin da yatsa har ta sami inda igiya ta yanke ni, ya kumbura. Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta jawo kwano daga bayanta ta sa mini ƙanzo a hannu, ni ƙato da gemuna, a gaban jama'a. Na ci, ban ji kunya ba.

Yau ni ke koyar da kokawa a kwalejin. Har yanzu ba mu da yawa, har yanzu ana haɗa yara biyu-biyu, kuma in an tashi na fi zama da wanda ya faɗi. Na daɗe ina ɗauka cewa darasin Inno shi ne mutum ya cire kishi daga ransa. Yanzu na gane ba ta taɓa cewa haka ba, ita da ta mutu tana zungurar wuta in an ambaci Altine. Ta san ba ya fita. Abin da ta koya mini shi ne inda zan kai shi in ya taso, kuma ni a igiyar nan na zuba nawa. Na riƙe wannan a matsayin abu ɗaya da na fi Sambo, cewa na taɓa riƙe mutuncinsa a hannuna bai sani ba, na mayar masa.

Bara, bayan girbi, muna zaune da shi a ƙofar gida muna jin ɗumi. Ya yi tumbi yanzu, yana harkar kaya tsakanin nan da Konni, amma yara har gobe kirarinsa suke yi. Hira ta kai mu kan Inno, sai na ga lokaci ya yi da zan ɗan ci nasarata. Na ce masa, "Ka san ɗamrin walki iri biyu na? Ka san Inno ta koya mini dut biyun?"

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

"Na sani," ya ce. "Washegarin da tak koya maka tag gaya mini. Tac ce in ba ni iya ba ka baya, in bar kokawa."

Na dube shi. Wato duk shekarun nan, duk ranar da ya ɗaga hannuwa ya ce in ɗaure, ya san abin da ke hannuna, ya kuma san abin da ke cikina, amma ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Ya miƙo mini gyaɗar da ya ɓare, rabin da ya fi yawa, kamar kullum.

Na karɓa ina jin tsohon zafin nan yana tasowa daga cikina. Ko a nan ma Sambo ya ka da ni.